Kyanwar Lami Da Allurar Gwaggo: Haƙƙin Wa Ke Gaba?

Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan maƙala, domin kuwa na san tun kafin a kai ƙarshen sakin layi na farko wasu daga cikinku za su tuntsire da dariya, su ce lalle wane ya sha ruwan Ingila ya ƙoshi. To a yi dariyar, ni ma na yi wa kaina ita ba sau ɗaya ba. Amma gaskiyar magana ita ce, na shafe wata 14 ina yi wa kyanwa allura sau biyu a kullum, bakwai na safe da bakwai na dare, a wani gida da ke unguwar Levenshulme a Manchester, a daidai lokacin da gwaggona, wadda ta goya ni a bayanta, take fama da irin wannan ciwo na suga a Funtuwa, kuɗin allurarta yana neman ya gagare mu. Tambayar da ta hana ni barci a tsawon watannin nan ita ce: shin abin da nake yi tausayi ne, ko kuwa zalunci ne da ya sa rigar tausayi?

Ga yadda abin ya faro. Na sauka a Manchester a watan Satumba na 2022, na kama ɗaki a gidan wata tsohuwar Baturiya da ta haura shekara tamanin, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta da abokin zama sai wata kyanwa mai baƙi da fari, wadda ita ma tsohuwa ce a lissafin kyanwoyi, shekararta 14. Tana da sunanta na Turanci, amma ni Lami nake kiranta, saboda ban taɓa ganin ta ciji wani ko ta yakushe shi ba. Kowa dai ya san matsayin kyanwa a wurinmu. Ba a sayenta, ba a sayar da ita, ba a yi mata tukunya. Ta kama ɓera, ta lashi kwanon da aka bari, in ta sa baki a madara a bi ta da takalmi. Idan baƙa ce kuma ta gifta da dare, sai ka ji tsofaffi suna a'uziyya. Da wannan tarbiyya na shigo gidan, saboda haka a watannin farko tsakanina da Lami sai kallo.

A watan Maris na 2023 tsohuwar ta samu shanyewar ɓarin jiki. Diyarta da ke zaune a Birmingham ta yanke shawarar mayar da ita wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita, kuma gidan ba ya karɓar dabbobi, ita ma ɗiyar ɗanta ba ya shiri da gashin kyanwa. Ranar da na je asibiti sallama, tsohuwar ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya, da kyar maganar ke fita, ta roƙe ni in kula mata da kyanwar. Na ce to. Irin "to" ɗin nan tamu da ake ce wa babba don kunya, ba tare da an tsaya lissafi ba. Ɗiyar ta ce in ci gaba da zama a gidan har a sayar da shi, za ta riƙa turo kuɗin abincin kyanwa. A zatona aikin bai wuce buɗe gwangwani ba.

Bayan wata uku sai na lura Lami ba ta rabuwa da kwanon ruwa, fitsari kuma ba ƙaƙƙautawa, tana ci kamar gara amma tana ramewa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne tafiyarta. Kyanwa a kan yatsu take tafiya, amma sai na ga Lami tana shimfiɗa ƙafafun baya gaba ɗaya a ƙasa kamar zomo. Likitar dabbobin da na kai wa ta ce wannan alama ce ta suga ya taɓa jijiyoyi. Ta ɗebi jini da fitsari, ta kuma yi mini bayanin cewa awon suga na nan take ba ya isa a kan kyanwa, domin tsoron asibiti kaɗai kan sa suganta ya hau, sai an haɗa da wani gwaji mai nuna yadda sugan ya kasance a makonni biyu ko uku da suka wuce. Sakamako ya fito da labari biyu. Akwai ciwon suga, akwai kuma ciwon ƙoda. Likitocin dabbobi sun kasa ciwon ƙoda mataki huɗu gwargwadon yawan wani datti da ke taruwa a jini mai suna kiriyatinin, Lami kuwa tana mataki na biyu. Na tambaya ko sugan ne ya ɓata ƙodar, kamar yadda yake yi wa mutane. Ta ce a kyanwa ba lalle ba ne, sau da yawa tsufa ne ke haɗa su a jiki ɗaya.

A nan ne na fara cin karo da matsalar da daga baya na gane ita ce hoton tawa matsalar. Kyanwa halitta ce mai cin nama zalla. Idan tana da suga, abin da ake so shi ne a ba ta abinci mai furotin da yawa, a rage sitaci iyakar iyawa, har ma wasu kyanwoyin in aka dace sukan daina buƙatar allura. Ita kuwa ƙoda mai rauni akasin haka take so: a rage sinadarin fosforas, wanda ya fi yawa a nama da kifi da ƙashi, a daidaita furotin kada ya yi yawa, shi ya sa abincin da ake haɗa wa masu ciwon ƙoda kan zo da sitaci fiye da yadda mai suga ke so. Wato abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗaya, ga shi kwano ɗaya ne, ciki ɗaya. Na ce wa likitar, to yaya ke nan? Amsar da ta ba ni ta zauna mini a rai. Ta ce tunda ƙodar ba ta yi nisa ba, za mu fara da abincin gwangwani mai ruwa-ruwa, maras sitaci, mu zaɓi mafi ƙarancin fosforas, mu riƙa barbaɗa wani garin magani da ke kama fosforas ɗin a hanji. Amma ranar da ƙodar ta ƙara gaba, ita za mu bi, domin suga muna da allurar da za mu ƙara ko mu rage mu bi shi da ita, ƙoda kuwa abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Sannan ta ce akwai dokar da ta fi waɗannan duka: dole ta ci. Abinci mafi dacewa a duniya in kyanwa ta ƙi shi ba shi da amfani, kuma kyanwar da ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba hantarta na iya lalacewa. Ta kuma gargaɗe ni kan albasa da tafarnuwa, guba ne a gare su. Ranar na tuna dambun naman da na sha gutsura mata a ɓoye, na yi shiru.

Ita kanta allurar akwai abin lura a cikinta. Insulin iri biyu aka fi ba kyanwoyi a nan. Akwai Caninsulin, wanda daga alade ake samunsa, akwai ProZinc, wanda insulin ɗin ɗan Adam ne da ake haɗawa a ɗakin bincike. Na roƙi a ba mu na biyun, ba don kyanwa tana da hukuncin halal da haram a kanta ba, sai don natsuwar hannun da zai riƙa taɓawa. Dukansu awo 40 ne a cikin kowace mililita, alhali na mutane da aka saba awo 100 ne, don haka sirinjinsu daban, wanda ya musanya zai yi kuskuren ninki biyu da rabi. Na koyi tsinke fatar wuya in soka allura, na koyi huda gefen kunne in ɗigo jini a kan na'urar awo, na sayi ɗan littafi ina rubuta lamba safe da yamma. Na kuma yi kuskure. Wani dare a watan Nuwamba ta ƙi cin abinci, ni kuma ina sauri, na yi mata allurar cikakkiya. Ƙarfe ɗaya na dare na same ta tana tangaɗi, idanu a kafe, sugan ya faɗi ƙasa warwas. Zumar da na taho da ita daga gida na shafa mata a dasashi, kamar yadda aka koya mini, kafin na kira likitan dare. Laifina ne, ba na kowa ba.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan zancen. Mu ɗalibai mun biya kuɗin lafiya tare da biza, mai ciwon suga kuma da ke shan magani ko allura a Ingila yana da takardar da ke ɗauke masa kuɗin magani. Dabba ba ta da NHS. Akwai ƙungiyar PDSA, wadda wata mata mai suna Maria Dickin ta kafa a gabashin Landan a 1917 don duba dabbobin talakawa, amma taimakonta na waɗanda ke karɓar tallafin gwamnati ne, mu kuwa bizarmu ta haramta mana wannan tallafi. Tsohuwar ba ta yi wa kyanwar inshora ba, kuma ba kamfanin da zai ɗauki ciwon da ya riga ya bayyana. Tsakanin insulin, sirinji, abinci na musamman da gwajin jini, in aka raba, abin kan tasam ma fam 100 a wata. Da farko ɗiyar ce ke biya. A watan Janairu na 2024 ta kira ni, muryarta cike da kunya, ta ce kuɗin gidan tsofaffi ya cinye su, ba za ta iya ci gaba ba. Ta ce ba za ta ga laifina ba in na kai kyanwar a yi mata allurar hutawa.

Ku tuna wane lokaci ne wannan a gida. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka saki naira a watan Yuni, a cikin 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000. Wato fam 100 ya zama naira 200,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000 kafin a mayar da shi 70,000 a watan Yuli na shekarar. Magungunan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Gwaggo ta fara yin abin da masu suga da yawa ke yi a gida, tana tsallake allurar dare don kwalba ta kai ƙarshen wata, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ni kuma awa 20 kacal doka ta yarda in yi aiki a mako.

Cikin azumin wannan shekara na je Birmingham shan ruwa wurin wani abokina, Bakatsine, mai karatun haɗa magunguna. Muka sha ruwa a wani gidan abinci da ke kan titin Coventry a Small Heath, muka yi tarawihi a masallacin Green Lane. Ya ce in kwana, na ce ba dama, maƙwabciya ta yi mini allurar dare amma ta safe tawa ce. Ya tsaya cak a bakin titi ya dube ni.

"Malam, allurar wa?"

Na gaya masa komai. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Abokina, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Kuɗin da kake zuba wa magen nan a wata zai riƙe masu suga nawa a unguwarku? Ka je Gashuwa ko Haɗeja ka ga yadda ciwon ƙoda ke kwasar mutane, ana sayar da gona don wankin ƙoda na mako biyu. Kai kuma kana nan kana auna fitsarin mage." Ya ƙara da cewa wannan cutar ƙasar nan ce na ɗauka, ƙasar da ta kafa ƙungiyar kare dabbobi a 1824, amma ba ta kafa ta kare yara ba sai 1884, shekara sittin cur a tsakani.

Ba zan ɓoye muku ba, hujjarsa ƙaƙƙarfa ce, kuma ba shi ya fara kawo ta ba. Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya rubuta wata shahararriyar maƙala a 1972, bayan bala'in da ya afka wa mutanen Bengal ta Gabas, inda ya ba da misalin mutumin da ya ga yaro yana nutsewa a ɗan tafki marar zurfi. Kowa ya yarda wajibi ne ya shiga ya ceto shi ko da kayansa za su ɓaci. To, in ji shi, nisan wuri ba ya canja hukunci, wanda ke mutuwa a wata nahiya daidai yake da yaron da ke gabanka, kuma duk kuɗin da ka kashe a kan abin da bai kai rai muhimmanci ba, ka zaɓi kayanka ne a kan yaron. Abin mamaki, shi wannan Singer ɗin ne ya rubuta littafin da ya zama tutar masu fafutukar haƙƙin dabbobi a 1975. Amma in ka bi ma'auninsa da gaskiya, ba zai tsaya wa Lami ba, domin ma'auni ne na inda kuɗi zai fi rage wahala, kuma fam 100 a Funtuwa ya fi fam 100 a Levenshulme aiki nesa ba kusa ba.

A jirgin ƙasa na dawowa na yi ta juya maganar, na kuma yi abin da ya kamata in yi tun farko, na buɗe lissafin bankina na wata uku. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Ga cin gasasshen nama a titin Wilmslow kusan kowane ƙarshen mako, ga kuɗin kallon ƙwallo a talabijin, ga sabuwar wayar da nake biya wata-wata alhali tsohuwar ba abin da ya same ta, ga shayin kanti kullum a hanyar laburare. In an tara sun fi kuɗin Lami. Ban taɓa jin ciwon Gwaggo a raina ba ranar da nake sayen waɗannan, abokina ma bai taɓa tsayar da ni a titi a kansu ba, tare muke ci. Sai da aka zo kan kyanwa ne muka tuna da talakawan gida. Ashe ba da Gwaggo Lami ke takara ba, da kwaɗayina take yi.

Sai dai kada in yaudari kaina, wannan bai rushe hujjar ba. Mai bin Singer zai ce, madalla, ka daina cin naman, ka kuma daina allurar magen, ka tura duka biyun gida. Nan ne na koma ga abin da muka taso a cikinsa. Kowa a cikinmu ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Mun san na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Mun san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa, mun kuma san riwayar Muwaɗɗa da ke cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a gidajenmu. Ana kuma ba da labarin cewa Sarki Baibars na Misra, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin gari. Saboda haka cewa tausayin kyanwa ɗabi'ar Turawa ce, rashin sanin namu ne. Amma abin da ya warware mini ƙullin ba waɗannan ba ne. Na kira wani malaminmu na zaure a gida, ina jin kunyar tambayar, sai ya tuna mini da babin ciyarwa a Mukhtasar na Shehu Halil, inda aka wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta masa sayarwa. Ya ce masu sharhi sun shigar da wata mas'ala a ƙarƙashin wannan: kyanwar da ta makance a gidan mutum, ta kasa fita neman abinci, ciyar da ita wajibi ne a kan wanda ta maƙale a wurinsa. In tana iya tafiya, yana da damar korar ta, babu komai a kansa.

Ku dubi hikimar da ke cikin wannan. Malaman nan ba su ce ka bi gari kana tara kyanwoyi ba, ba su kuma ce kyanwa ta kai mutum daraja ba. Abin da suka duba shi ne, wa ke da wata ƙofa, wa kuma ba shi da ita. Talakan da ban sani ba a wani gari yana da haƙƙi a kaina, amma haƙƙi ne da ya rataya a wuyan al'umma baki ɗaya, da 'yan uwansa, da maƙwabtansa, da masu zakka, da hukumar da ta karɓi haraji. Lami kuwa ba ta da kowa a duniya sai mutumin da ya ce "to". Lissafin Singer yana ƙirga rayuka kamar buhunan masara, kowanne daidai da kowanne, bai san alkawari ba, bai san amana ba, bai san cewa wani nauyin yana da sunanka a rubuce a jikinsa ba. In da za a bi shi har ƙarshe, ita kanta Gwaggo sai in bar ta, domin tabbas akwai inda kuɗin allurarta zai ceci yara biyar daga zazzaɓin cizon sauro. Babu ɗayanmu da zai yarda da wannan, kuma ba don son kai ba ne. Hatta dokar ƙasar nan ta kula da dabbobi ta 2006 a kan wannan turba take, ta ɗora alhakin abinci da kariya daga ciwo a kan duk wanda dabba ke hannunsa, ko da riƙon ƙwarya ne.

Amma addinin da ya ba Lami haƙƙi shi ne kuma ya jera haƙƙoƙi. An koya mana mutum ya fara da kansa, sai iyalinsa, sai danginsa, sannan na nesa. Don haka na tsara wa kaina doka: ranar da albashi ya shigo, kuɗin Gwaggo ke fara fita, cikakke, kafin haya ma. Na Lami daga abin da na yanke wa bakina zai fito. Kuma ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba, da an wayi gari fam 100 ɗin nan shi kaɗai ya rage, Funtuwa zai tafi, ita kuma kyanwar in nema mata hutu ba tare da na bar ta ta wahala ba. Allah bai kai ni wannan rana ba. Abin ya yi kama da shawarar likitar nan a kan kwanon abinci, an san wanda za a bi in hanya ta rabu, amma kafin ta rabu ba a yar da ɗayan.

Akwai wani abin kunya da ban gaya wa abokina ba sai daga baya. Wata rana ina duba ɗan littafin nan na lambobin Lami, sai ya faɗo mini cewa na san awon insulin ɗin kyanwa, na san sugan da ta tashi da shi jiya, na san matakin ƙodarta, amma ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan game da matar da ta goya ni ba. Shekara da shekaru ina tura kuɗi, in ce "ya jiki Gwaggo", ta ce "da sauƙi", shi ke nan na sauke nauyi. Ranar na kira ta na yi mata tambayoyin da likitar dabbobi ta koya mini. A nan na gano tana tsallake allura. A nan na gano ba a taɓa auna ƙodarta ba, alhali a mutane ciwon suga na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda. A nan na ji cewa in an ɗauke wuta kwana biyu, a gindin randa take ajiye kwalbar. Na aika da na'urar awon suga, na sa ƙanena ya kai ta asibiti aka auna ƙoda da hawan jini da idanu, aka ce mun zo da sauran lokaci. Da ta tambaye ni inda na koyo wannan likitanci, na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kai ɗan nan, ashe har mage Allah ke jarraba da suga? To ka gaishe ta, ka ce abokiyar ciwonta na yi mata sannu. Kada ka bar ta da ƙishirwa, mai suga ba ya haƙurin ruwa."

Insulin ɗin da ke riƙe da su biyun ma ta jikin dabba ya iso gare mu. A kan karnuka Frederick Banting da Charles Best suka yi gwaje-gwajensu a Toronto ta Kanada a 1921, kafin a yi wa yaro na farko allurar a watan Janairu na 1922, kuma shekaru da dama bayan nan daga shanu da aladu ake tatso shi. Na faɗa wa abokina wannan, ya ce wayon 'yan boko ne kawai, amma ya daina kiranta mage, ya koma tambayata ya mai jiki.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi zafi: ina iyaka? A bazarar 2024 ƙodar ta wuce mataki na uku, muka koma abincin masu ciwon ƙoda kamar yadda aka tsara. Hawan jini ya shigo, aka ƙara ƙwaya, domin yana makantar da kyanwa. Na koyi ɗura mata ruwa a ƙarƙashin fata. Cin abinci ya ragu, muka yi ta rage insulin. A watan Agusta ta shiga mataki na huɗu, tana amai, ta daina lasar jikinta, wanda duk mai kyanwa ya san abin da yake nufi. Likitar ta lissafa mini abin da ake iya yi, a kwantar da ita a sa mata ƙarin ruwa, a sa mata bututun abinci ta wuya. A wasu asibitocin jami'o'in Amurka har dashen ƙoda ake yi wa kyanwa. Na tambaye ta abu ɗaya, in an yi wannan, don ita aka yi ko don ni? Ta ce zai ƙara mata 'yan makonni, ba zai ƙara mata daɗi ba. A nan na ga inda wasu masu dabbobi a ƙasar nan ke zamewa, suna jan ran dabba da kuɗi don su ne ba su shirya rabuwa ba, kuma a ganina wannan ma wani nau'in kulle kyanwa ne. Malamin namu ya riga ya gaya mini cewa malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita tana wahala. Hukunci ne na dabba kaɗai, ran ɗan Adam ba a taɓa shi.

Kafin ranar, na sa ta a kwando na hau jirgin ƙasa daga Piccadilly zuwa New Street, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, tunda jirgi yana ɗaukar dabba kyauta, bas kuwa ba ya ɗauka. Abokina ne ya tarye ni a tasha, shi ya riƙe kwandon a cikin tasi. Ma'aikatan gidan tsofaffin suka turo tsohuwar a keke zuwa lambu. Ba ta iya magana sosai a lokacin. Na ɗora mata kyanwar a cinya, ta sa hannunta mai lafiya a bayanta, suka zauna haka kusan awa guda, mu kuma muka koma gefe muka ba su wuri. Bayan kwana uku likitar ta yi abin da za ta yi, ina riƙe da kan Lami. Da izinin ɗiyar na haƙa rami a bayan gidan, gindin wata bishiyar tuffa.

Da safe na kira Funtuwa. Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashsha, abokiyar ciwona ta riga ni." Daga nan ta ƙwala wa jikarta kira ta zo ta karanta mini abin da na'ura ta nuna kafin karin kumallo. Bakwai da ɗigo biyu. Na jawo ɗan littafin, akwai sauran shafuka da yawa a cikinsa, na buɗe sabo na rubuta kwanan wata da lambar.